Kwana Goma Sha Huɗu a Kwando

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Ɗan Gayu bai yi cara ba yau. Shekara uku zakaran nan yana hana ni barcin safe, ina zaginsa, yau da ya yi shiru sai na kasa kwanciya. Na fita na same shi a kan bulo, ya kumbura gashinsa, ido rabi a rufe. Na watsa tsaba, ya kalle ta, ya kalle ni, ya mayar da kai cikin kafaɗa.

Littafin nan na saye shi ne don rubuta ranar da kaza ta fara kwanci. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin jinya, hannuna ya saba da rubuta abin da ido ya gani. Tun da na yi ritaya, marasa lafiyata duk masu fiffike ne.

Kajina shida, zakara ɗaya. Gajera ta hau kwanci jiya a kan ƙwai tara. Ita ce ba na wasa da ita. Da Inna ta rasu, abin da na ɗauko daga gidanta kaza ce guda ɗaya mai gajerun ƙafafu, tana tafiya kamar zane ya yi mata yawa. Duk ƙyanƙyasa, ɗaya ko biyu ne ke fitowa da irin ƙafar. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da irin, yanzu Gajera kaɗai ta rage.

Sai baƙi uku, farare, na Yaya.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in rubuta yadda fararen suka zo, don hankalina yana ta komawa can.

Ranar Asabar Maigida ya kawo Yaya a mota, da kwali mai huji a bayan but. Ta ce magina za su rushe katangar bayan gidanta, akurkin kajinta yana jikin katangar, in riƙe mata waɗannan ukun har a gama. Na ce to. Na nufi bayan kicin in ɗauko babban kwando, domin dokata ce, kuma kowa ya san ta: duk kazar da ta shigo gidan nan sai ta yi kwana goma sha huɗu a kife a kwando ita kaɗai, da mazubin ruwanta daban, kafin ta haɗu da nawa.

Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Auta, kajin nawa ma? To ni ma ki kife ni a kwandon mana, ai daga gida ɗaya muka fito da su."

Yaya ce ta goye ni. Ita ta yi mini kitso har na gama makaranta, ita ta kwana da ni a asibiti haihuwata ta fari. Na tsaya da kwando a hannu kamar wadda aka kama da kayan sata. Na ajiye shi. Da hannuna na buɗe akurki na zuba su ciki.

Ɗaya daga cikinsu tana atishawa. Yaya ta ce iskar mota ce. Maigida yana can yana goge gilashin da ba shi da datti.

Talata, ƙarfe shida da rabi na safe

Babu cara.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Farar nan mai atishawa ta mutu. Na same ta a gindin mazubin ruwa, majina a baki, kashinta kore shar, tsululu. Na kira Yaya in yi mata jaje. Ta ce, "Ayya, dama can raguwa ce, kada ki damu." Ba ta tambaye ni yadda ta mutu ba. Yaya da in ɗan tsako ya yi ɗingishi sai ta kira ni sau uku.

Mai Tsiwa ma ta canza. Kazar da ke korar kyanwa daga tsakar gida, yau na ɗauke ta da hannu ɗaya ba ta ce uffan ba. Fikafikanta sun sauka suna shara, zankonta ya yi duhu, jikinta zafi rau. Na kara kunnena a bayanta, na ji numfashin yana kurkur. Na san wannan ƙarar a ƙirjin mutum, kuma ban taɓa son jin ta ba.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Ba kowane baƙon hali ne ciwo ba, ina ta faɗa wa kaina. Kaza mai kwanci takan daina ci, ta tsige gashin ƙirjinta, ta yi ta gunaguni, lafiyarta ƙalau. Mai birgima a ƙasa, ƙafa a sama, wanka take. Mai buɗe baki da rana tsaka, zafi ne. Duk na sani.

Amma Wake-wake ta yi ƙwai yau babu ɓawo, laushi tiɓis, ya fashe a hannuna. Baƙa kuma tana saran tsaba tana kuskurewa, ta sara nan, tsabar tana can. Wannan ba wanka ba ne, ba kuma zafi ba.

Na ce wa Maigida, "Anya fararen nan lafiya suka zo?" Ya ce shi me ya sani game da kaji, shi direba ne. Ya tashi ya bar shayinsa rabi.

Juma'a, ƙarfe takwas na safe

Ɗan Gayu ya tafi. Na haƙa rami mai zurfi na binne shi da kaina.

Na ɗauke Gajera da ƙwanta na kai ɗakin ajiya, cikin tsohon baho, tsakanin keken ɗinkin da ya lalace da akwatunan yara. Ta sare ni sau biyu a hanya, na ji daɗin saran. Na ajiye takalmi daban a ƙofar, da bokitin ruwan magani. Ba mai shiga sai ni. Abin da ke cina shi ne kwana biyar ta yi tana sauka tana shan ruwa a mazubi ɗaya da su.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Likitan dabbobi ya zo. Bai ko gama shigowa ba ya ga Baƙa tana juyi a wuri ɗaya, wuyanta ya murɗe, bakinta yana kallon sama. Ya ce, "Mama, wannan shi ne mai share gida." Babu magani, sai rigakafi tun kafin ya zo, ni kuwa nawa ya wuce lokaci da wata huɗu, ina ta cewa gobe. Ya ce in ware marasa lafiya, in binne matattu da zurfi, kada kaza ko ɗaya ta fita daga gidan nan, har wadda ta warke, don tana iya ɗauke da shi.

Sai ya ce, "Kin shigo da sabuwar kaza kwanan nan?"

Farare biyu suna gabansa. Na ce masa na gida ne. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya rufe jakarsa.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Mai Tsiwa. Farar ta biyu. Na binne su.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Na je wurin mai dusa. Na ce ya rage mini, rabin abin da na saba ya isa. Yana aunawa yana surutu, kamar kullum.

"Ke ma abin ya zo miki ke nan? Kai, bana kam. Yayarki ma ai tun sati uku ta daina zuwa. Kaji ashirin da wani abu, ta ce kullum sai ta kwashe uku, huɗu. Har nan ta zauna a kan buhun nan tana hawaye."

Na ce, "Sati uku?"

Ya ce, "Ya ma fi. Au, na ɗauka kin sani."

Na ce na sani mana. Na ɗauki dusata. A hanya na wuce ta bayan gidanta, ban shiga ba. Katangar tana nan tsaye, ko tsagewa babu, ba yashi, ba bulo, ba magini. Akurkin a buɗe, an wanke shi tas.

Ba zan ƙara rubuta komai yau ba.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Baƙa da Ja, su ma na binne su. Ban kira Yaya ba.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na jira Maigida ya gama cin abinci, don Inna ba ta koya mini tare mutum da magana yana ci ba. Sannan na ce, "Ran da ka ɗauko Yaya, me ka gani a gidan?"

Ya ce, "Kamar me?"

Na ce, "Kamar magina."

Sai ya faɗa mini. Ashe shi ya ɗauki buhun matattun a but ɗinsa ya kai bayan gari, sau biyu. Ashe a but ɗin nan aka sa kwalin. Ya ce ta roƙe shi, ta ce ukun nan lafiyarsu ƙalau, in suka zauna can mutuwa za su yi, kuma in na ji gaskiya ba zan karɓa ba.

Na ce, "Zan karɓa. Zan kife su a kwando. Abin da kwandon yake yi ke nan."

Ya ce, "Haba, uwar gida, kaji ne fa."

Shekara talatin da huɗu muna tare, yana ganin yadda nake kiran Gajera da safe, ya san daga hannun wa ta fito. Na kwashe kwanuka. Na wanke su, na sake wanke su.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Yaya ta kira sau biyu. Na bar wayar ta yi ta kuka a kan firji.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Ba mutuwar ce ta fi ƙona mini rai ba. Ciwo yana zuwa, tsuntsu ma zai iya kawo shi, takalmin baƙo ma. Dariyar ce. Ta tsaya a tsakar gidana ta yi dariya har da riƙe ciki, alhali da safiyar ranar ta kwashe gawa. Ta san in ta ce in kife ta a kwando kunya za ta kama ni. Ita ta raine ni, ta san inda za ta taɓa.

Kuma ni, mai shekara talatin da ɗaya a ɗakin marasa lafiya, ni da na taɓa hana babban likita shiga ɗakin jarirai don bai wanke hannu ba, na ji atishawa da kunnena na ce iskar mota ce.

Wake-wake ta daina tsayuwa. Ina ɗiga mata ruwa da sirinji a gefen baki.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Wake-wake, da 'Yar Autar kajin. Akurki ya koma na kaza ɗaya: farar Yaya ta uku. Tana ci, tana tono, tana birgima a ƙasa, jiya har ƙwai ta yi. Ko atishawa ba ta taɓa yi ba. Na tsaya ina kallonta da muciya a hannu, sai da na ji tsoron kaina. Na zuba mata dusa. Ita ba ta yi wa kowa ƙarya ba.

Gajera tana nan daram a kan ƙwanta. Na haska su da tocila ɗaya bayan ɗaya. Bakwai akwai rai a ciki, ana ganin duhu yana motsi. Biyu fanko, na cire. Yau kwana goma sha uku. Saura takwas.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Saura bakwai. Maigida ya sayo mini lemo ya ajiye a kan tebur. Yana nan inda ya ajiye shi.

Talata, ƙarfe shida na safe

Na ji wani abu kamar atishawa daga ɗakin ajiya. Wataƙila ƙurar akwatuna ce.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Dole in rubuta wannan, ko da ba na so.

Na yi ta tunanin cewa gidan nan gaba ɗaya ya gurɓace, ƙasar, bangon, iskar. In Gajera ta bar shi, wataƙila ta tsira. Maƙwabciyata mai ɗinki tana da kaji goma sha biyu masu ƙiba, da wani ƙaramin keji da ba ta amfani da shi. Ba ta san abin da ke faruwa a nan ba, don ban faɗa wa kowa ba.

Na lulluɓe bahon da tawul, na ɗauka, na fita. Tsakanin ƙofata da tata taku arba'in ne. A cikin taku arba'in ɗin nan na shirya abin da zan ce: ana gyaran ɗakin ajiya, ki riƙe mini ita kwana biyar. Na ce wa kaina lafiyarta ƙalau. Na ce atishawa ɗaya ce tak.

Ta buɗe, da tef a wuya, allura a baki. Ta cire allurar ta ce, "A'a, maƙwabciya! Gajera ce? Shigo da ita mana, ga wuri." Kajinta suna bayanta suna tono, har da mai 'yan tsaki shida.

Na buɗe baki. Sai na ji kalmar gyara tana fitowa da muryar da ba tawa ba, muryar da na sani tun ina goye.

Na ja da baya. Na ce, "Kada ki bari in shigo. Akwai ciwo a gidana, ya cinye mini kaji biyar da zakara. Ki kulle naki, ki kira likita ya yi musu rigakafi yau, ki zuba ruwan magani a nan inda na taka."

Fuskarta ta canza. Ta ce, "To me ya kawo ki da ita ƙofata?"

Na ce, "Rashin hankali."

Ta tura ƙofar a hankali, na ji ta sa sakata. Ta yi daidai.

Na dawo da bahon. Yanzu na san yadda ake yi. Na san ba sai mutum ya zama mugu ba. Na ɗauka sanin zai sanyaya mini zuciya, sai ya ƙara hura ta, domin na ga akwai wurin tsayawa. Yana nan a bakin ƙofa, lokacin da aka ce maka shigo. Yaya ma ta iso wurin, ta ga kwando a hannuna, ta wuce.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Ba ƙura ba ce.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Gajera ta daina ci. Idonta yana ruwa, kashi kore. Amma ba ta sauka ba. Kanta yana faɗuwa, ta ɗago, ta sa baki ta juya ƙwai, ta koma. Na ce mata, "Ke dai jinin Inna ce, taurin kai har a nan." Na zauna a kan akwati ina ba ta ruwa da sirinji, ɗigo ɗigo. Saura uku.

Juma'a, ƙarfe shida da kwata na safe

Gajera ta tafi. Jikinta da sauran ɗumi da na shiga. Ƙwan ma.

Ban tsaya kuka ba, babu lokaci. Na goge su da busasshen ƙyalle mai tsabta, na jera a sabon kwali cikin tsohuwar rigar sanyi, kwalbar ruwan zafi biyu a gefe, ƙaramin kofin ruwa a kusurwa don kada iskar ta bushe. Na zaro ma'aunin zafin da na yi ritaya da shi. Duk bayan awa biyu ina canza ruwa. Kwalin yana ɗakina, a gefen gado.

Maigida ne ya haƙa ramin. Ban sa shi ba. Ya haƙa da zurfi fiye da yadda ake buƙata, ya daɗe a wurin. Da ya shigo ya ce, "Na yi kuskure." Na ce ya dafa ruwa. Ya dafa.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Kwana ashirin da ɗaya. Shiru. Na kara kowanne a kunne har kunnen ya yi zafi.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Ɗaya ya tsage! Ɗan huji kamar kan allura, baki yana leƙowa. Hannuna yana ƙaiƙayi in taimaka, na zauna a kansa. Ungozoma mai gaggawa ita ke yin ɓarna.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Biyu suka fito. Sauran biyar sun yi sanyi a ciki. Na jira suka bushe, suka yi gashi, sannan na tsayar da su a tafin hannuna. Na farko dogo ne, ɗan Ɗan Gayu sak, har da taƙama. Na biyu ya miƙe, sai na ga ashe a miƙen yake, cikinsa yana taɓa hannuna.

A nan ne na yi kukan.

Likita ya ce kada su taka tsakar gida, kada su ga farar nan, zai zo ya ɗiga musu rigakafi. Bai yi mini alkawarin komai ba. Ban ma san mace ce ko namiji ba.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ta zo. Na san bugun ƙofar Yaya, uku da sauri, ɗaya a hankali. Na buɗe, na tsaya a tsakiyar ƙofar.

Ta rame. Ta ce, "Auta, ba kya ɗaukar waya."

Na ce, "An gama katangar?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Na ɗauka ukun nan sun tsira. Wallahi na ɗauka sun tsira." Na jira sauran maganar. Shekara hamsin da takwas ina ƙanwarta, ban taɓa jin ta ce ki yi haƙuri ba, na ɗauka yau ne. Sai ta ce, "An ce ɗaya ta rayu."

Na ce ta rayu, tana nan ƙalau, amma ba za ta fita daga gidan nan ba, don akwai kajin mutane a unguwarsu.

Sai kukan 'yan tsakin ya fito ta tagar ɗakina, siriri. Ta ɗago da sauri. Ta ce, "Na Gajera ne?"

Na ce, "Gajera ta mutu. Biyu ta bari."

"Akwai mai ƙafar?"

"Akwai."

Ta ce, "Kazar Inna." Ta ɗaga ƙafa za ta shigo, kamar yadda ta saba shiga gidan nan ba sallama. Ban matsa ba.

Ta ce, "Auta, ni ce fa."

Na ce, "Na sani, Yaya. Daga gidan ciwo kika fito. Kwana goma sha huɗu."

Ta dube ni, tana jiran in yi dariya. Ita ma ba ta yi ba wannan karon. Na rufe ƙofar, ban buga ba. Na daɗe ina jin numfashinta a waje kafin takunta ya yi nisa.

Na wanke hannu, na canza ruwan kwalba. Ƙaramin ya ci tsaki uku daga yatsana.

Alhamis, ƙarfe shida na safe

Su biyun suna nan. Yau kwana ɗaya cikin goma sha huɗun Yaya.